Mangwaron da Aka Dasa Cikin Leda

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da kowa a gidansu yake kira Auta, domin ita ce ƙarama. Ba ta da ƙiwuya, ba ta da rashin kunya. Amma tana da wani hali guda mara kyau. In ba ta gane abu ba, ba ta tambaya. Sai ta gyaɗa kai kamar ta gane, ta tafi da ruɗaninta a ciki.

Babanta mai gyaran takalma ne. A ƙofar gida yake aiki, a kan wani ɗan benci, ga akwatin ƙusoshi da zare da gam a gefensa. Babu itace ko ɗaya a layinsu. Inuwar Baba ita ce wani tsohon buhu da ya ɗaura a kan sanduna biyu. In rana ta take, gumi yakan riƙa ɗiga daga haɓarsa zuwa kan takalmin da yake ɗinki. Auta ba ta son ganin haka.

Wata Litinin, Malama ta shigo aji tana tura baro. Cikin baron akwai 'yan ƙananan itatuwan mangwaro, kowanne a cikin baƙar leda cike da ƙasa.

"Ku zauna," in ji Malama. "Yau kowa zai koma gida da itace guda. Guda ɗaya tak. Ba ni da na ƙari, don haka wanda ya kashe nasa, shi ke nan."

Zuciyar Auta ta yi fari. Nan take ta hango Baba a ranta, zaune ƙarƙashin inuwa mai sanyi.

Malama ta fara da darasi. Ta ɗaga ɓawon ayaba a hannun dama, ta ɗaga leda a hannun hagu.

"Wannan ɓawon, in kun binne shi, zai ruɓe ya zama abincin ƙasa," in ji ta. "Ita kuwa leda, ku saurara da kyau. Kada ku jefa ta a kwata, tana toshe hanyar ruwa. Kada ku ƙona ta, hayaƙinta yana cutar da ƙirji. Kada ku yar da ita a titi, dabba za ta ci ta kumbure mata ciki."

Daidai nan ƙawar Auta ta taɓa ta. Aku ake ce mata, saboda bakinta ba ya hutawa.

"Ke, dubi taga," Aku ta raɗa mata. "Ƙadangaru biyu suna dambe. Na ce mai jan kan ne zai yi nasara."

Auta ta juya. Ta ce kallo ɗaya za ta yi. Amma ƙadangarun suka daɗe suna kokawa, ita ma ta daɗe tana kallo. Da ta waiwayo, Malama ta riga ta ajiye wani dashe da ta yi misali da shi, tana karkaɗe hannu.

"To, haka ake dasawa," in ji Malama. "Kun gane?"

"Mun gane, Malama!" Aji duka ya amsa. Muryar Auta ta fi ta kowa ƙarfi, alhali ba ta ji komai ba.

"Akwai mai tambaya?"

Auta ta so ta ɗaga hannu. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ba wanda ya ɗaga. Sai ta sa hannunta ƙarƙashin tebur.

Malama ta ba kowa zare. Ta ce kowace Litinin a auna tsawon itacen da zare, a ƙulla, a kawo ta gani.

A hanyar gida, Auta ta lura ƙasa tana zubowa ta 'yan hudojin da ke gindin baƙar ledar, tana ɓata mata kayan makaranta. Ta tsaya wurin mai shagon layinsu.

"Baba mai shago, don Allah a taimaka mini da leda."

"'Yar makaranta an zama manomiya ke nan?" in ji mai shago yana dariya. Ya miƙa mata farar leda mai kauri, wadda ba ta da huda ko ɗaya. Auta ta saka dashen a ciki, ƙasa ta daina zuba.

Da ta iso gida, Baba ya tafi sayo fata. Mama tana wanki a tsakar gida. Kaka tana gyangyaɗi a ɗakinta. Auta ta ɗauki fartanya ta haƙa rami kusa da bencin Baba. Ta jefa ɓawon ayaba biyu a ciki, domin wannan kam ta ji shi da kunnenta.

Sannan ta ɗauki dashen ta tsaya. Nan kanta ya ɗaure.

A cire ledar ne, ko a bar ta? In ta cire, ina za ta kai ta? Kwata, Malama ta hana. Wuta, Malama ta hana. Titi, Malama ta hana. Kwandon sharar gidansu kuwa, Mama ce take ƙona abin da ke ciki duk ranar Asabar. To, ina kuma ya rage?

Ta juya dashen, ta sake juya shi. Ta ce a ranta, "Ai a cikin leda Malama ta ba mu. Da ba a son ta, da ba a sa shi ciki ba. Wataƙila rigarsa ce. Kuma ai ta ce abin da aka binne yana zama abincin ƙasa. Ko ɓawon kaɗai take nufi? Ko har da ledar?"

Mama tana nan kusa, taku goma kawai. Amma Auta ba ta so a ce 'yar makaranta ba ta san abin da aka koya mata ba. Sai ta saka dashen cikin rami da ledojinsa biyu, baƙa da fara. Ta tura ƙasa ta rufe har ba a ganin bakin ledar. Ta danne da ƙafa, ta zuba ruwa.

Da Baba ya dawo ya gani, ya ajiye fatarsa.

"Wannan fa, Autata?"

"Inuwarka ce, Baba. In ya girma, ka huta da buhun nan."

Baba ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. "Allah Ya yi miki albarka. Ashe na kusa zama babban mutum, mai ofis a ƙarƙashin itace."

Washegari a makaranta, Auta ta ga wani kwando a bayan aji. Yara suna zuwa suna saka baƙaƙen ledoji a ciki. Har Aku ta saka tata.

"Ke Aku, wannan ledar ta mece ce?"

"Oho. Babana ne ya dasa mini nawa, ni ina wurin wasa. Ya ce in kawo wa Malama ledar. Ke ina taki?"

"Tana gida," in ji Auta.

Ta tsaya tana kallon kwandon. A ina suka samo ledojin? Ko su biyu aka ba su? Ko cirewa suka yi? In cirewa ake yi, me ya riƙe ƙasar? Malama tana zaune a teburinta, ba ta aikin komai. Auta ta dube ta, ta sunkuyar da kai, ta koma wurin zamanta.

Mako na farko, mangwaron yana nan da ganyensa shida. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Auta tana ba shi ruwa safe da yamma.

Mako na biyu, ganyen suka fara sunkuyawa. Biyu na ƙasa suka zama rawaya. Auta ta tsuguna a gabansa ta yi tagumi.

Mama ta leƙo. "Ƙishirwa ce," in ji ta. "Wannan 'yar butar taki me za ta yi masa? Ki riƙa ba shi bokiti guda."

Auta ta zuba bokiti guda.

Mai shago ya zo karɓar takalminsa, ya duba. "Wane irin ƙishirwa? Ƙwari ne ke cin sa ta ƙasa. Toka za ki barbaɗa masa."

Auta ta barbaɗa toka.

Kaka ta fito da sandarta, ta zungure ƙasar. "Duk ba su san komai ba. Yunwa ce. Ke da kike cin abinci sau uku, shi kin ba shi ko sau ɗaya? Nemo kashin awaki."

"Kaka, mai shago ya ce toka."

"Mai shago ya taɓa shuka wani abu ban da sabulu a kan kantar shagonsa? Yi abin da na ce, ƙawata."

Auta ta nemo kashin awaki ta zuba.

Baba ya jira sai da kowa ya gama. Sannan ya tashi ya kwance buhunsa daga kan sanduna. Ya kafa sandunan a gefen mangwaron, ya ɗaura masa buhun.

"Ni a ganina rana ce ta yi masa yawa," in ji shi. "Jariri ne. Bari ya sha inuwar, ni na saba."

Daga ranar Baba ya koma aiki a tsakiyar rana, ba ko ƙyalle a kansa. Auta ta kawo itace don ta ba shi inuwa, ga shi itacen ya ƙwace 'yar wadda yake da ita. In ta dawo daga makaranta ta gan shi yana share gumi da gefen riga, sai ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa.

Ruwa, toka, taki, inuwa. Duk ta yi. Amma ganye biyu suka faɗi, wasu biyu suka bi su da rawaya. Ƙasar gindin ta zama caɓi, ba ta bushewa. In ka matso sai ka ji wani wari-wari. Auta ta rasa na wa za ta bi. In ta ƙara ruwa, Kaka ta ce ya yi yawa. In ta rage, Mama ta ce za ta kashe shi. Wani lokaci ledar takan faɗo mata a rai, sai ta yi sauri ta kore tunanin.

Litinin ta uku, ta auna itacen da zare. Ƙullin yana nan inda yake tun ranar farko. Ta tuna zaren Aku ya ƙaru. Na kowa ya ƙaru. Sai ta kwance ƙullin, ta matsar da shi gaba kamar tsawon yatsanta, ta sake ƙullawa. Da ta duba ta ga bai isa ba, ta ƙara wani yatsan.

Wannan shi ne kuskurenta na biyu, kuma ya fi na farko muni. Na farko rashin sani ne. Wannan kuwa da saninta ta yi.

Malama ta bi layi tana duba zare. Da ta zo kan na Auta, ta tsaya.

"Kai! Naki ya fi na kowa girma. Me kike ba shi?"

"Ruwa... da toka... da taki," in ji Auta a hankali.

"Ku tafa mata," in ji Malama. Aji ya ɗauki tafi. "Irin wannan itace sai na gani da idona. Jibi Laraba, in an tashi, zan bi ki gida."

Tafin ya yi wa Auta kamar mari. Ranar ba ta ci abincin tara ba. Aku ta cinye nata ta cinye na Auta, tana tambaya, "Wai ke lafiya? An yabe ki kuma kina ɓata rai?"

Ranar Laraba, kafin ta tafi makaranta, wani ganyen ya sake faɗuwa. Da aka tashi, ta dawo tare da Malama. Hanyar da take bi kullum ta yi mata gajarta.

Baba ya miƙe ya gaishe da Malama, ya goge mata benci. Mama da Kaka suka fito. Malama ta amsa gaisuwa, sannan ta dubi abin da ke ƙarƙashin buhu. Wani ɗan kara ne siriri mai ganye uku, biyu rawaya, ɗaya kore-kore ya yi yaushi.

"Ba ni zaren," in ji Malama.

Auta ta miƙa mata. Malama ta kafa shi a gindin itacen, ta miƙar. Ƙullin ya wuce kan mangwaron da yatsa biyu.

Baba ya dubi zaren, ya dubi 'yarsa.

"Auta, ke kika yi wannan?"

Hawaye suka zubo mata. "Ni ce, Baba. Na ji kunya ne. Na kowa yana girma, nawa yana mutuwa. Na yi duk abin da aka ce, ban san abin da yake so ba."

"Maganar zare tana nan, za mu dawo kanta," in ji Malama. "Yanzu marar lafiya tukuna."

Ta naɗe hannun rigarta, ta tsuguna. Ta danna ƙasar da yatsa, ruwa ya ɓulɓulo. Ta sunsuna, ta yamutsa fuska.

"Na ƙirga ledojin da ke kwandon aji, saura ɗaya. Ina taki?"

Auta ta nuna ƙasa da yatsa.

"A ƙasa? Kin dasa shi da ledarsa?"

"Da guda biyu, Malama. Na ƙara masa ta mai shago, don ƙasa kada ta zube."

Kaka ta tafa hannu. "Yau na ga abin da ya fi ƙarfina! Mu muna ta faɗa a kan toka da taki, ashe bawan Allah a ɗaure yake cikin kurkuku."

"Me ya sa ba ki cire ba?" in ji Malama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kin ce kada a jefa a kwata. Kin ce kada a ƙona. Kin ce kada a yar a titi. Na rasa inda zan kai ta. Kuma kin ce abin da aka binne yana zama abincin ƙasa, sai na ce ko har da leda."

"Bayan haka na nuna yadda ake cire ta a hankali, na ce kowa ya dawo mini da tasa. Kina ina?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ina kallon ƙadangaru."

Mama ta kauda kai don kada a ga dariyarta. Kaka kuwa ba ta yi dariya ba.

"Kawo fartanya," in ji Malama. "Ke za ki haƙa. A hankali, daga nesa da gindin."

Auta ta haƙa. Can sai fartanya ta taɓa wani abu mai santsi. Ta sa hannu ta share ƙasar. Ga farar ledar mai shago, cike da ruwa kamar an ɗebo a rijiya. Suka ciro ta tare. Baƙin ruwa mai wari ya kwarara a kan ƙafar Auta.

"Kin ga inda bokitanki suke tafiya," in ji Malama. "Suna shiga, ba su da hanyar fita. Takin da kika zuba kuwa yana waje, saiwa tana ciki. Ga abinci a ƙofa, an kulle shi a ɗaki."

Ta ɗauraye farar ledar da ɗan ruwa, ta ɗaga ta sama. Rubutun da ke jikinta yana nan raɗau.

"Kwana nawa ta yi a ƙasa?"

"Kwana goma sha shida," in ji Auta.

"Ta canja?"

"A'a. Kamar yau aka ba ni."

"Kin ce kin ji maganar ɓawon ayaba. Kin sa a ramin?"

"Na sa guda biyu."

"To, nemo mini su."

Auta ta sa hannu cikin ramin ta lalube. Ta tona nan, ta tona can. Ba ta sami ɓawo ba. Sai wani ɗan baƙin abu mai laushi da ya marmashe a hannunta, da tsutsotsi biyu suna motsi.

"Malama, sun ɓace!"

"Ba su ɓace ba. Ƙasa ta ci su. Abin da ya fito daga ƙasa, ƙasa ta san shi, tana karɓarsa. Leda kuwa ba ta san ta ba. In kin bar wannan a nan, za ki girma, ki tsufa kamar Kaka, jikarki ta zo ta haƙa ta same ta."

Kaka ta matso ta karɓi ledar, ta murza ta da yatsu. "Yanzu duk waɗanda nake turbuɗewa a bayan ɗaki suna nan ke nan?"

"Suna nan, Kaka, suna jiran ki."

"To, ni ba wanda ya taɓa gaya mini," in ji Kaka. "Da na sani, da ban yi ba."

"Ni kuma da nake ƙonawa duk Asabar fa?" in ji Mama. "Shi ya sa nake wuni ina tari?"

"Yana daga ciki," in ji Malama. "Ku riƙa tarawa. Masu kyau a wanke a sake amfani da su. Sauran Auta ta kawo makaranta, akwai masu zuwa karɓa su narkar da su a masana'anta. Mafi sauƙi kuma, in za a je shago a tafi da jaka."

Sannan ta zare baƙar ledar a hankali, ba ta yaga ta ba. Saiwoyin mangwaron sun nannaɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Da yawa sun yi baƙi sun ruɓe. Malama ta ari almakashin Baba ta yanke ruɓaɓɓun. 'Yan kaɗan farare suka rage.

Suka kwashe caɓin daga ramin. Auta ta kawo busasshiyar ƙasa, suka gauraya da ɗan taki kaɗan. Ita da hannunta ta saka dashen, ta rufe.

"Ruwa buta ɗaya, sai in kin taɓa ƙasar kin ji ta bushe," in ji Malama. "Buhun kuma a bar masa mako guda, sannan a mayar wa mai shi."

"Malama, zai rayu?"

"Ban sani ba. Ya sha wuya sosai. In ya mutu, ba ni da wani."

Auta ta ɗauko butarta ta zuba masa ruwa.

"Saura maganar zare," in ji Baba. Fuskarsa ba wasa. "Itace in ya mutu, ba zan yi fushi ba. Rana kuma na saba da ita. Amma 'yata ta yi ƙarya a tafa mata, wannan ya fi rana ƙona ni."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan sake ba."

"A gaban aji aka tafa miki," in ji Malama. "A gaban aji za ki gyara."

Washegari Auta ta tsaya a gaban allo, ledoji biyu a hannunta. Ta faɗi komai, tun daga ƙadangaru har zuwa zare. Wasu suka yi dariya. Malama ta dube su sau ɗaya, dariyar ta mutu. Da Auta ta gama, ta ɗaga farar ledar ta nuna musu yadda ƙasa ta ƙi cin ta.

Sai ga hannu ya tashi a layin baya. Wata yarinya ce mai shiru-shiru.

"Malama, ni ma da ledar na dasa nawa. Wata na tsinta a hanya na sa a kwando."

Wani hannun ya sake tashi. Ashe su uku ne. Duk sun ce sun gane, alhali ba su gane ba. Ranar, da aka tashi, su biyun suka ruga gida suka haƙa.

Mako guda ya wuce. Ganyen rawaya biyu suka faɗi, saura ɗaya tal. Auta ta mayar wa Baba buhunsa. Kullum sai ta taɓa ƙasar da yatsa kafin ta zuba ruwa. Ranar Litinin ta kai zarenta da ƙullin gaskiya. Shi ne mafi gajarta a ajin, amma ta miƙa shi kanta a sama.

A mako na biyu, wata safiya, ta fito da butarta sai ta tsaya cik. A saman karan wasu 'yan ganye uku sun fito. Amma ba kore ba ne. Jajaye ne, sun yi laushi, sun rataya kamar tsumma.

Kanta ya sake ɗaurewa. Ja kuma? Ƙonewa ya yi? Ciwo ne sabo? Ko ta cire su kafin su shafi ɗayan? Har ta kai hannu za ta tsinke, sai ta tsaya. Ta janye hannunta.

Da Malama ta shigo aji, kafin ta ajiye jakarta, hannun Auta yana sama.

"Malama, ina da tambaya. Ban gane wani abu ba."

"Madalla. Faɗi."

"Mangwarona ya fitar da jan ganye mai laushi. Mutuwa zai yi?"

Malama ta yi dariya har ta dafa tebur. "Kin taɓa su?"

"Na kusa tsinkewa, sai na ce bari in tambaya."

"Da kin tsinke, da kin kashe shi da hannunki. Haka sabon ganyen mangwaro yake fitowa, ja. Nan da 'yan kwanaki zai zama kore. Itacenki ya tashi, Auta. Ya rayu."

Wannan karon da aji ya tafa, tafin ya yi mata daɗi. Aku ta rungume ta tana cewa, "Daga yau ko ƙadangaru goma ne suke dambe, ba zan taɓa ki ba."

Da aka tashi, Auta ta yi gida da gudu.

"Baba! Baba! Jan ganyen ba ciwo ba ne! Ya rayu!"

Baba ya ajiye takalmin da ke hannunsa. Ya dubi ɗan itacen da bai kai gwiwarsa ba. Sai ya tashi ya ɗauki bencinsa, ya matsar da shi kusa da mangwaron, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Me kake yi, Baba?"

"Ina kama wuri tun yanzu, kafin Kaka ta riga ni."

"Ai kuwa ka makara," in ji Kaka daga ƙofa. Tana riƙe da kwando cike da tsofaffin ledojin da ta tono a bayan ɗaki. "Ungo, ƙawata. Ki kai wa Malamarku. Ki ce mata tsohuwa ta ce ƙasarta ta gode."

Auta ta karɓi kwandon da hannu biyu. Baƙar ledarta ta farko kuwa tana makaranta, an cika ta da ƙasa, an shuka wani ƙwallon mangwaro a ciki don 'yan aji uku.

Yara, ku riƙe wannan da kyau. In ana koya muku yadda za ku kula da ƙasa da ruwa da itatuwa, ku buɗe kunne, domin ku ne za ku zauna a cikinsu gobe. Leda ba ta ruɓewa, kada ku binne ta, kada ku ƙona ta, kada ku jefa ta a kwata. In ba ku gane abu ba, ku ɗaga hannu ku tambaya, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka ce ka gane alhali ba ka gane ba, sannan ka rufe kuskurenka da ƙarya.